Sau nawa za a gyara sabuwar mota kafin a mayar wa mai ita kuɗinsa?

Tun shekarar 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da haƙƙoƙin gida da mota na ma'aikata zuwa kuɗi a cikin albashi, ma'aikacin tarayya ya koma sayen abin hawansa da guminsa. A 2024 gwamnati ta kafa kamfanin bayar da lamunin sayen kaya, wato CREDICORP, ta ce ma'aikatan gwamnati ne za su fara cin gajiyarsa. A watan Disamba na shekarar, kamfanin da hukumar bunƙasa masana'antar motoci ta ƙasa, NADDC, suka sanar da asusun naira biliyan 20 domin mutane su sayi motocin da ake haɗawa a cikin gida, su biya a hankali. Babu mai ƙin wannan manufa. Sai dai akwai tambayar da ta cancanci amsa kafin ma'aikata su sa hannu a takardun bashi: idan mota ta zo da aibi tun daga masana'anta, kamfani ya yi ta gyara abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wa zai ɗauki asarar?

A ƙaddara wani mataimakin darakta ne da ke zaune a Kubwa ya karɓi sabuwar mota dal a kan bashin da ake cirewa daga albashinsa duk ƙarshen wata. A mako na shida giya ta fara fizga a kan hanyarsa ta zuwa Sakatariyar Tarayya. Ya kai ta garejin kamfani, aka riƙe ta mako biyu, aka ce an gyara. Bayan wata guda matsalar ta dawo, aka sake riƙewa. A karo na uku aka ce sai an yi odar kayan gyara daga waje, ya ƙara haƙuri. Ana wata na biyar yana tsayawa bakin titi da asuba yana jiran motar haya, bashi kuwa bai fasa fita daga albashi ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da ya ɗaga murya sai a nuna masa takardar garanti, a ce ai ba a karɓi ko sisinsa ba a gyaran.

Kuma gaskiya suka faɗa. Takardar garanti alkawarin gyara ce. Kamfani yana cewa idan wani sashe na mota ya lalace saboda kuskuren ƙira a cikin shekaru kaza ko kilomita kaza, zai gyara ko ya sauya sashen kyauta. Yawancin irin waɗannan takardu ba sa faɗin abin da zai biyo baya idan gyaran bai yi ba, ba sa kuma ƙayyade kwanakin da mota za ta iya kwana a gareji. Saboda haka kamfani yana iya cika garantinsa harafi da harafi, alhali motar ba ta tafiya. Mutumin kuwa bai ci bashi don ya mallaki alkawarin gyara ba. Mota ya saya, mai kai shi aiki ta dawo da shi gida.

Dokar Najeriya ba ta bar mai saye hannu rabbana ba, ko da yake kaɗan ne suka san abin da ta tanada. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye, tare da kotu ta musamman mai sauraron ƙorafi kan hukuncin hukumar. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi, waɗanda za su yi ƙarko na lokacin da hankali zai karɓa. Sashe na 132 ya mayar da wannan haƙƙi garanti na dole a cikin kowane ciniki, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, ya kuma ce cikin watanni 3 da karɓar kaya mai saye yana iya mayar da su ba tare da tara ba, a kan kuɗin mai sayarwa, shi kuma ya gyara, ko ya sauya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 129 ya haramta duk sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin mayar da kaya masu aibi, don haka rubutun nan na ƙasan rasit mai cewa ba a dawo da kaya bayan an saya ba shi da ƙarfi a gaban doka idan kayan na da aibi. Sashe na 145 kuma ya ɗora nauyin hujja a kan mai sayarwa idan aka yi zargin aibi, abin da ke da matuƙar amfani ga wanda bai san komai a kan inji ba.

Tanadi ne mai kyau ga mai sayen firji ko wayar hannu. Ga mai sayen mota kuwa akwai giɓi a wurare uku. Na farko shi ne wa'adin. Watanni 3 gajeru ne ga abin da aibinsa kan ɓuya sai an yi tafiya mai nisa, kuma dokar ba ta ce a dakatar da ƙirga kwanaki yayin da mota ke hannun kanikawan kamfani ba. Mutumin Kubwa da ya yi haƙuri da gyara na farko da na biyu ya cinye wa'adinsa a kan kujerar jira. Kyakkyawan zatonsa ne ya cuce shi. Na biyu, dokar ba ta fito fili ta ce wa ke da zaɓi tsakanin gyara da sauyi da mayar da kuɗi ba, kuma inda aka bar zaɓi a buɗe, mai sayarwa zai ɗauki mafi arha a gare shi, wato gyara. Na uku, ba ta ƙayyade adadin gyaran da za a yi kafin a yarda cewa mota ta gagara ba. Bayan watanni 3 haƙƙin ƙarko na sashe na 131 yana nan, kuma ƙofar kotu a buɗe take, amma tafiya ce mai tsawo da tsada, sau da yawa ma diyya ake samu a ƙarshenta, motar tana nan a hannun mai ita. Tsohuwar dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda har yanzu ake aiki da ita a wasu sassan ƙasar nan, ita ma tana ɗaukar wanda ya riƙe kaya ya daɗe ba tare da ya ƙi su ba a matsayin wanda ya amince.

Batun zaɓi ya fi nauyi a Najeriya fiye da ƙasashen da kuɗinsu ke tsaye. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya sayi mota kafin faɗuwar naira, aka mayar masa da ainihin kuɗin da ya biya bayan shekara guda na jeka-ka-dawo, ba zai iya sayen irinta da kuɗin ba. A wurinsa adalci shi ne a ba shi wata motar. Wani kuma ya riga ya yanke ƙauna da ƙirar gaba ɗaya, kuɗinsa yake so. Wanda aka cuta shi ya san abin da zai share masa hawaye, shi ya sa ya kamata zaɓin ya kasance a hannunsa.

Ba sabon abu ake nema ba. Duk wanda ya ajiye sashe na 131 da na 132 kusa da sashe na 55 da na 56 na dokar kare masu saye ta Afirka ta Kudu ta 2008 zai ga kamanni ƙarara, zai kuma ga abin da aka rage. A can wa'adin watanni 6 ne. Mai saye ne ke faɗin abin da yake so tsakanin gyara da sauyi da kuɗi. Idan aka gyara, sannan cikin watanni 3 matsalar ba ta kau ba ko wata ta ɓullo, dole mai sayarwa ya sauya kayan ko ya mayar da kuɗi. Suna kuma da ofishin sasanta rigingimun cinikin motoci, MIOSA, wanda mai ƙorafi zai iya zuwa kafin kotu.

A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba da kwanaki 30 na mayar da kaya masu aibi a karɓi kuɗi cif, kuma ƙirgar kwanakin tana tsayawa yayin da ake jiran gyara. Bayan nan mai sayarwa yana da damar gyara sau ɗaya tak. Idan bai yi ba, mai saye na iya mayar da kayan ko ya nemi ragin farashi, sai dai a kan mota ana iya cire kuɗin amfanin da aka yi da ita.

Amurkawa kuwa suna kiran motar da ta gagari gyara da sunan lemun tsami, har dokokin da suka yi a kanta suka ɗauki sunan. Dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975 ta ce wanda ya ba da cikakken garanti, idan ya gwada gyara daidai gwargwado bai yi nasara ba, mai saye zai zaɓi kuɗi ko sabon kaya. Jihar Connecticut ce ta fara yin doka ta musamman a kan motoci a 1982, yau kuma kowace daga cikin jihohi 50 tana da tata. A Kalifoniya an sa lissafi a fili: cikin watanni 18 ko mil 18,000 na farko, idan an gyara matsala ɗaya sau 4 ba ta kau ba, ko sau 2 idan matsala ce mai iya kisa ko jikkatawa, ko kuma mota ta yi fiye da kwanaki 30 jimilla a gareji, doka tana ɗaukar cewa kamfani ya samu isasshiyar dama. Daga nan sai sauyi ko kuɗi, a cire ladan tafiyar da motar ta yi kafin a fara kai ta gyara, a kuma rubuta a takardunta cewa an dawo da ita ne saboda aibi, domin kada a sake yaudarar wani da ita. Amfanin lissafin shi ne yana kashe gardama. Da kalanda da takardun gareji kowa zai iya sanin matsayinsa ba sai ya ɗauki lauya ba.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tabbatar da zaɓin aibi, wato wanda ya sayi abu sannan ya gano ɓoyayyen aibin da ya riga ciniki yana da ikon mayarwa. Akwai ma sanannen hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye: idan ya gano, yana iya riƙe ta, yana iya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Ga mayar da kaya, ga biyan ladan amfani, ga zaɓi a hannun wanda aka ruɗa. Abin da jihohin Amurka suka rubuta da mil da kwanaki bai wuce wannan ma'auni ba.

Masu haɗa motoci da manyan diloli suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Za su ce hanyoyin Najeriya suna karya abin da aka ƙera lafiya, za su kuma tuna wa jama'a gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol da ya shiga kasuwa a watan Fabrairun 2022. Za su ce wasu masu motoci ba sa juyen mai a kan lokaci, ko su kai wa bakaniken gefen titi ya taɓa, sannan su dawo da kuka. Amsar ita ce dokokin ƙasashen da aka ambata ba sa kare wanda ya lalata motarsa da kansa, kuma ba a kan ƙananan abubuwa ake mayar da mota ba, sai aibin da ya taɓa amfaninta, ko darajarta, ko lafiyar wanda ke ciki. Kamfanin da ke da hujjar cewa mai ne ko sakaci ya jawo matsala sai ya gabatar da ita, tun da shi ke da na'urar bincike da ƙwararru. Game da hanya kuwa, wanda ya kawo mota kasuwar Abuja ya san a kan titin Nyanya da na Lokoja za ta yi rayuwarta.

Za su kuma ce jinkirin kayan gyara ba laifinsu ba ne, matsalar canjin kuɗi ce da cunkoson tashar jiragen ruwa. Gaskiya ne. Amma tsakanin kamfanin da ya zaɓi sayar da ƙirar da bai tanadi kayan gyaranta ba da ma'aikacin da ba shi da ta cewa a harkar, wa ya fi cancantar ɗaukar nauyin jinkirin? Ranar da kwanakin gareji suka zama masu tsada ga kamfani, ranar zai fara ajiye kayan gyara a ɗakin ajiyarsa, ko ya ba mai mota aron wata kafin tasa ta fito.

Hujja mafi ƙarfi ita ce tsoron kada a karya masana'antar gida tun tana rarrafe. A nan darasin masanin tattalin arziki George Akerlof yana da amfani. A maƙalarsa ta 1970 a kan kasuwar motoci na hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001, ya nuna cewa inda mai saye ba ya iya bambance mai kyau da mara kyau, yakan rage abin da zai biya a kan kowace, har masu kaya nagari su gudu daga kasuwar. Abin da ke hana ɗan Najeriya da yawa sayen motar gida shi ne shakka, har ya gwammace 'yar Kwatano da ta shekara 10 a kan titin wata ƙasa, domin ya san halinta, ya san kayanta na nan a Apo. Kamfanin da ya yarda da aikinsa babu tallar da ta fi masa alkawarin karɓar motarsa idan ta gagara. Dokar za ta ƙona wanda ke fakewa da garanti ne kawai.

Wani zai ce mafi yawan motocin ƙasar nan na hannu ne daga waje, don haka mutane kaɗan dokar za ta amfana. To, a faɗaɗa ta daidai da hali. Jihar New York ta wajabta wa dilolin motoci na hannu garantin kwanaki 30 zuwa 90, gwargwadon tafiyar da mota ta riga ta yi. Babu mai cewa tsohuwar mota ta zama sabuwa, amma dilan da ya sayar da inji mai mutuwa cikin mako biyu bai kamata ya wanke hannunsa da kalmar ciniki ya faɗa ba.

Hanyoyin gyara suna hannun mutanen da ke rubuta takardun gwamnati kullum. Majalisar Tarayya ce kaɗai za ta iya taɓa sashe na 132, kuma abin da ake buƙata bai wuce 'yan layuka ba: a tsawaita wa'adi ga motoci, a dakatar da ƙirga shi yayin gyara, a sa zaɓi a hannun mai saye, a ƙayyade adadin gyara da kwanakin gareji, a faɗi yadda za a lissafa ladan amfani. Hadiman 'yan majalisa da ke neman ƙudirin da zai taɓa rayuwar jama'a kai tsaye ga shi nan. FCCPC kuma doka ta ba ta ikon fitar da ƙa'idoji, kuma hukumar da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, kotun gasa ta tabbatar a Afrilun 2025, ba za ta rasa ƙarfin zama da NADDC ta tsara ƙa'idar garantin motoci ba.

Hanya mafi sauri ba ta ma bukatar doka. Duk shirin lamuni da gwamnati ke mara wa baya yana iya gindaya sharaɗi ga kamfanin da ke son shiga: ya amince a rubuce da sauyi ko mayar da kuɗi bayan adadin gyara sananne, a kuma dakatar da cirar albashi idan mota ta wuce wasu kwanaki a gareji. A Birtaniya, sashe na 75 na dokar lamunin masu saye ta 1974 ya sa mai ba da bashi yana tarayya da mai sayarwa wajen ɗaukar alhaki a wasu nau'o'in ciniki, domin shi ke da ƙarfin tursasa masa. Haka nan hukumar kula da sayayyar gwamnati, BPP, tana iya saka irin wannan sharaɗi a takardun kwangilar sayen motocin ma'aikatu, domin motar gwamnati da ta mutu a cikin garanti kuɗin jama'a ne ke ruɓewa a rana.

Kafin a kai ga haka, mai saye yana da abin yi, kuma ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa abin da bai shiga fayil ba tamkar bai faru ba. Ranar da aibi ya fara bayyana ya rubuta wa kamfani wasiƙa, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Duk shiga gareji ya karɓi takardar da ke nuna ranar shiga da ta fita, da kilomitar da mota ta yi, da abin da ya yi kuka da shi, da abin da aka yi. Idan matsala babba ce kuma watanni 3 suna gab da cika, ya rubuta a fili cewa yana mayar da motar ne a ƙarƙashin sashe na 132, ya faɗi abin da yake nema, kada daɗin baki ya cinye masa wa'adi. Kada ya bari wani bakanike na waje ya buɗe ta, kada kuma ya tsallake lokacin juyen mai, domin da waɗannan ake soke garanti. Kada ya daina biyan bashi da ra'ayin kansa, tun da yarjejeniyar bashi daban take, amma ya sanar da mai ba da bashin a rubuce. Idan kamfani ya yi kunnen uwar shegu, sashe na 146 ya ba shi damar kai ƙorafi ga FCCPC ko ya nufi kotu kai tsaye.

Gwamnatin da ke kiran ma'aikatanta su ci bashi su sayi motar gida ta ɗauki wani nauyi a kansu. Ta tsara yadda kuɗi za su fita daga albashi ba tare da kuskuren rana ɗaya ba. Ya rage ta tsara, da irin wannan ƙwazo, ranar da gyara zai ƙare a mayar wa mutum haƙƙinsa.